Ƙarfe Huɗu Saura Kwata

An haife ni a Gangare, cikin garin Jos, a shekarar 1963. Duk wanda ya san Jos ya san ba garin ruwa ba ne. A kan dutse muke zaune, sama da mita 1,200 bisa teku, kuma babban ruwan da muka sani muna yara shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka tona suka tafi suka bari. Ruwa ne kore shar, a kwance luf kamar ba zai cuci kowa ba, amma da wuya damina ta wuce ba a ji an ciro gawar yaro ba. Shi ya sa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta kafa mana doka a kai. In na dawo daga yawo takan kama ƙwaurina ta karta da farce, idan wurin ya yi fari ta san na shiga ruwa, ranar kuwa sai maƙwabta sun cece ni.

To ranar da na zo mata da takardar an ɗauke ni aikin sojan ruwa, a 1983, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Duk sojojin duniyar nan ka rasa wanda za ka shiga sai na ruwa?" Ba ta hana ni ba. Ta daka mini yaji da dakuwa, ta raka ni tashar jirgin ƙasa, ta tsaya har jirgi ya ɗaga. Muka bi ta Kafanchan, Kaduna, Minna, Jebba, Ilorin, Ibadan, sai Iddo a Legas.

Ranar da na fara ganin teku ban ce uffan ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba girman ruwan ba ne, sunan da na gani a jikin wani ƙaton jirgin yaƙi ne a Apapa: Aradu. Sabo ne fil a lokacin, ƙirar Jamus, a 1982 ya fara aiki, tsawonsa ya kai mita 125. Na karanta na sake karantawa, na ce wannan ai Hausa ce. Daga baya na gane haka rundunar ke raɗa wa jirage suna da harsunan ƙasa. Akwai Damisa, 'yan uwansa Ekpe da Agu, duk dabba ɗaya ce a harshe uku. Akwai Dorina. Yaro ɗan Gangare da bai san kowa a Legas ba, sai na ji kamar wani ya yi mini sannu da zuwa.

Ba zan ɓata lokaci kan horo ba. An aske mu, an gasa mu, an jefa mu ruwa har muka iya iyo. Aka tura ni ɓangaren inji, daga nan aka ba ni jirgi: Ambe, jirgin da ke ɗaukar sojoji da motocin yaƙi, mai ƙofa a goshi da ake buɗewa a sauke kaya a gaɓa. Irin waɗannan jirage cikinsu a shafe yake don su iya matsowa bakin tudu, saboda haka in sun shiga teku sosai rawa suke yi kamar ƙwarya a kan rafi. Fitata ta farko na yi amai har na ga ɗaci. Ina durƙushe rungume da bokiti, ina tuna maganar mahaifiyata, sai na ji murya a kaina da Hausa tsantsa: "Sannu ɗan gari. Ungo garin nan, ci shi a bushe, kada ka sha ruwa da yawa. Ka hau sama ka kalli inda ruwa ya haɗu da sama, zai lafa."

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Pankshin, Kirista, ya girme ni da shekara biyu. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu ma a jirgi ba ma kiran suna, shi yana ce mini Gangare, ni ina ce masa Pankshin, har manyanmu suka ɗauka.

Wanda bai zauna a jirgi ba, ba zai gane irin kusancin da ake yi ba. Gadajenmu a jere suke sama da ƙasa kamar kantar shago. Nasa ne a kan nawa, tsakanin hancina da ƙasan katifarsa bai fi kamu ɗaya ba. Na san minsharinsa, na san tarinsa, na san waƙar cocin da yake rerawa a hankali da Hausa in yana tunanin gida. Aikin gadi awa huɗu-huɗu ne, kuma wanda zai karɓa da ƙarfe huɗu na asuba akan tashe shi tun huɗu saura kwata, domin a jirgi babu rashin mutunci kamar ka bar ɗan uwanka tsaye bayan lokacinsa ya cika. Shi ba ya tashina da baki, sai dai ya sako ƙafa ya taɓa mini kafaɗa da babban yatsa.

Ɗakin inji kuwa wata duniya ce. Zafi, warin baƙin mai da giris, ga ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai sai da alamar hannu. Har yau kunnena na hagu bai cika ji ba. In azumi ya zo, gadin sha biyu zuwa huɗu na rana shi ne azaba, gumi na zuba, ba halin kurɓar ruwa. Ban taɓa roƙonsa ba. Ranar farko ta azumi kawai na sauko na tarar da shi a wurina, ya nuna mini tsani da sifana, wato in koma sama. Haka ya riƙa yi duk shekara, ni kuma in riƙe masa na safiyar Lahadi da na Kirsimeti. Har alƙibla shi ke nemo mini. Jirgi ba masallaci ba ne, yanzu gabas tana gabanka, an jima ta koma bayanka. Sai ya je ya tambayi masu tuƙi ya dawo yana dariya: "Gangare, Makkarka ta koma hagu, gyara tabarma."

A 1990 aka tura mu Laberiya. Yaƙi ya ɓarke can tun ƙarshen 1989, ƙasashen Afirka ta Yamma suka haɗa rundunar ECOMOG: Najeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya. Daga Freetown muka taso, ranar 24 ga Agusta muka shiga tashar jiragen ruwa ta Monrovia, mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor suna ta aiko da wuta. Mutane kan tambaye ni me na gani ranar. Ban ga komai ba. Ina can ƙasa da ruwa, idona a kan agogon mai da na zafi. Amma ƙarfe yana kai labari. Duk abin da ya fashe a cikin ruwa sai ka ji shi a tafin ƙafarka da haƙoranka, kamar an kife ka a cikin tukunya ana bugunta da muciya. Ba ka san na kusa ba, ba ka san na nesa ba, kuma ka san in an samu jirgin ku na ƙasa ne na ƙarshen fita. Na duba Pankshin, bakinsa na motsi, nawa ma na motsi, kowa da wanda yake kira.

Mako biyu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 9 ga Satumba, mutanen wani madugun 'yan tawayen, Prince Johnson, suka kama Shugaban Laberiya Samuel Doe a cikin tashar nan da muke. Ba a daɗe ba aka kawo Janar Joshua Dogonyaro ya karɓi ragamar yaƙin. Ranar Pankshin har ƙirji yake bugawa, wai yanzu ɗan Filato ya zo, a ga aiki.

Abin da ya bi ni gida ba harbin ba ne. Mutanen da suka cika tashar ne, suna roƙon a fitar da su. Akwai 'yan Najeriya da aka haifa a can, ba su taɓa ganin Najeriya ba, akwai waɗanda sun yi makonni suna cin ganye. Cikin waɗanda muka ɗauka, wata mata ta miƙo mini yarinya don ta samu ta hau. Yarinyar za ta yi shekara huɗu, amma wallahi kazar gidanmu ta fi ta nauyi. Pankshin ya dama mata gari da madara da sukari a kofinsa, yana ba ta da cokali kaɗan-kaɗan. Ta sha cokali uku. Cikin dare ta cika, uwar ta ci gaba da jijjiga ta har gari ya waye, ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Shi ne ya zauna kusa da ita, bai ce komai ba, har ta sake ta da kanta. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

A lokacin uwargidana tana barikin Ojo da ɗanmu na fari a goye. Babu waya. Ita da matar Pankshin suke haɗuwa da yamma su kunna sashen Hausa na BBC, in an ambaci Laberiya kowa ta riƙe numfashi. Tukunya ɗaya suke ɗorawa in wata ya yi nisa. Wannan ma ya kamata in tuna da shi daga baya, ban tuna ba.

Na ajiye aiki a 1999 saboda mahaifina ya kwanta ciwo, ni ne kuma babba. Na haɗa abin da na samu na kama shago a babbar kasuwar Taminus, ina sayar da kayan fanfo da na janareta, na ɗauki ƙanena ya riƙa tsare mini. Shekara na zagayowa shi ma Pankshin ya dawo, ya zauna wajen Tudun Wada. Kusan kullum yana shagona, mu sayi gasasshiyar masara mu yi ta ba yaran kasuwa labarin teku, suna cewa ƙarya muke yi.

Sai ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001, ranar da rikici ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista a Jos. Ba sai na ba mutanen Jos labarin wannan rana ba. Ƙanena ya tafi Bukuru karɓo kuɗi da safe. Bai dawo ba, ba mu kuma ga gawarsa ba. Ya bar mata da ciki wata shida.

Bayan kamar mako biyu, ƙura ta ɗan lafa amma sojoji na kan kowace mahaɗa, muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai wani almajiri ya zo ya durƙusa ya ce wani mutum yana can bakin titi wajen shingen sojoji, ya ce a ce wa Gangare Pankshin ne. Ba zai iya shigowa unguwar ba, kowa ya san dalili. Abin da ake bukata kawai in tashi in taka, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba.

Na dubi mutanen da ke zaune tare da ni a tabarma. Na ce wa yaron, "Je ka ce ba na nan."

Yaron ya tafi ya dawo. "Ya ce zai jira."

Na sha gaya wa kaina cewa baƙin ciki ne ya rufe mini ido. Akwai baƙin cikin, amma yau da na tsufa zan faɗi sauran: kunyar idon mutane na ji. Ina tsoron a ce ga shi can yana gaisawa da su alhali ko gawar ƙanensa ba a gani ba. Mutumin nan ya tsaya a bakin titi tun bayan azahar har dokar hana fita ta kusa, a garin da a makon nan tsayuwa irin wannan kan iya zama ajalin mutum. Sannan ya tafi.

A Fabrairun 2002 kasuwar Taminus ta ƙone, shagona a ciki. Na koma gyaran janareta a bakin hanya, ina ciyar da gida biyu. Aka sake yin rikici a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010, garin ya rabe, kowa ya san layin da ba ya tsallakawa. Ni kuma na zama wani mutum daban. Hawan jini ya kama ni. Abu kaɗan sai faɗa, yarana in sun ji tarina a zaure sai kowa ya nutsu. Hotunan aiki da farar hulata na kulle a akwati na tura ƙarƙashin gado, autata har ta shiga sakandare ba ta san na taɓa hawa jirgin ruwa ba. In 15 ga Janairu ta zo, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tsofaffin sojoji su sa lambobinsu su fita, ni sai in buɗe rumfata kamar kullum. Kuma kowane dare, ko da ƙarfe nawa na kwanta, huɗu saura kwata idona zai buɗe tar. In zauna a bakin gado cikin sanyin Jos, wani lokaci yarinyar Monrovia, wani lokaci ƙanena, wani lokaci almajirin nan yana cewa ya ce zai jira.

Sau ɗaya na hango shi, wajen shataletalen Taminus, yana riƙe da leda, ya yi furfura. Na laɓe a bayan wata bas har ya wuce. Ni da na shiga Monrovia ana ruwan wuta.

A 2022 ɗana na fari ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, ga irin jirginku an sayo sabo." Hoton Kada ne, jirgin da ya maye gurbin su Ambe. Na riƙe wayar na daɗe, har ya tambaye ni ko lafiya. A daren na jawo akwatin. Yaran suka kewaye ni suna ta dariyar siririn saurayin da ke cikin fararen kaya, uwarsu kuma ta karɓe labarin, tana ba su na barikin Ojo, yadda ruwan sama ke shiga ɗaki, yadda suke gane jirgi ya dawo tun kafin a faɗa. Ashe ita ma shekara ashirin tana riƙe da nata, ni na hana ta wurin sauke shi.

Yaron ne ya binciko mini wani zaure na tsofaffin ma'aikatan jirginmu a WhatsApp. Tsofaffi ba ma iya rubutu da yatsa, saƙon murya ake ta turawa, da Turancin buroka irin na bariki. Wani yana Kalaba yana kiwon kifi, wani ya zama fasto a Warri, mai dafa mana abinci yana Offa ya makance amma bakinsa na nan yadda yake. Ana musu a kan shekarar da injin hagu ya ba mu wahala, ana turo hotunan da suka koɗe, in wani ya rasu a haɗa wa iyalinsa abin da ya samu. Na yi sallama na faɗi ko ni wane ne. Aka yi ta ihu. Sai wani ya ce, "Gangare! Ina Pankshin ɗinka? Ku da ba a ganin ɗaya babu ɗaya."

Kwana uku ban buɗe wayar ba.

Da na buɗe, na tarar da saƙo daga lambar da ban sani ba, muryar mace, da Hausar Jos: "Baba, ina wuni. Ni 'yar abokinka ce, ni ke riƙe masa waya. Ya ji muryarka ya yi ta nuna wayar. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. In za ka iya zuwa, zan fito in tare ka a bakin titi."

A bakin titi. Na saurara sau uku. Uwargida tana jina, ta ce, "Malam, in ba za ka je ba ni zan je." A nan ne ta gaya mini abin da ta ɓoye tun 2001: ranar da ya tsaya, kafin ya tafi ya ba almajirin leda, shinkafa mudu biyu da sukari da goro. Ta karɓa ta dafa, na ci, ban sani ba.

Keke Napep ya kai mu cikin minti ashirin. Minti ashirin, shekara ashirin da ɗaya. Yarinyar ta riƙe mini hannu muka ratsa unguwar, ina jin idanu a kan hulata, babu wanda ya ce mini komai sai sannu. Yana zaune a kujerar roba a tsakar gida an lulluɓe masa ƙafa da bargo, hannun dama a naɗe a cinya, baki ya karkace. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Na durƙusa a gabansa na ce, "Pankshin." Ya daɗe yana kallona, yana kokawa da harshensa, sannan da ƙyar ya fitar da ita: "Ka... makara... gadi."

Ya yi dariya da rabin fuska. Ni kuwa na kifa kai a gwiwarsa na yi kukan da ban yi ba ranar ƙanena. Na fara cewa ranar nan ina nan, ƙarya na yi, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna sama, irin alamar da yake yi mini da sifana in azumi ya zo.

Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta rungume uwargidana, sun yi kuka, amma ni gaisuwa kawai ta amsa. Da za mu tafi ta biyo ni zaure ta ce, "Baban yara, ka san babban ɗanmu?" Na ce ƙwarai, ai a hannuna ya koyi tafiya a Ojo. Ta ce, "A 2008 aka kashe shi, a hanyar dawowa daga aiki. Baban ya sa kujera a waje kwana bakwai, ya ce Gangare zai zo." Ban ji labarin ba. Amma da wane baki zan ce ban ji ba, ni da na toshe duk hanyar da labari zai bi ya same ni? Na tsaya kawai. Ta ce, "Ka gaida gida," ta koma ciki.

Ta ɗauki wata bakwai kafin ta zauna a inda nake zaune. Ban ga laifinta ba, har yanzu ma akwai ranar da gaisuwarta gajera ce.

Yanzu duk Alhamis ina can. Ina tafiya da reza da sabulu in yi masa aski da gyaran fuska, don ya tsani gemu tun muna aiki, hannun kuma ya ƙi. In kunna masa saƙonnin zauren, in ya ji an yi ƙarya a labari sai ya bugi hannun kujera. In la'asar ta yi, 'yarsa ta shimfiɗa mini tabarma a gefen rijiya, shi kuma ya nuna mini gabas da hannun hagu, ko da yake gidan ba ya juyawa. Janairun da ya wuce na wanke farar hulata, na ɗauko tasa, muka sa, yaran suka ɗauke mu hoto aka tura wa su Kalaba da Warri.

'Yarsa ce ta gaya mini shi ma ba ya wuce huɗu saura kwata, duk shekarun nan. Ta sa masa lambata a maɓalli ɗaya don ya iya dannawa da babban yatsa. Ba ya magana a waya, harshen ba ya ba shi dama. Sau ɗaya take ƙara ya katse. Ni kuma in mayar masa da ƙara ɗaya, in sauko daga gado in ɗora ruwan alwala.